Kafin Ka Yi Odar Kayan Kula da Fentin Mota a Wayarka, Karanta Wannan

Yau ba maganar sikirin ko batir zan yi ba, ko da yake za ku ga ba mu yi nisa da su ba. Maganar fentin mota ce: wane kaya ya kamata mutum ya saya idan yana so ya riƙa kula da jikin motarsa da kansa a gida, da kuma yadda zai yi odarsu ta waya har su iso shi a nan Yauri, ko Wara, ko Shanga, ba tare da kuɗinsa sun bi ruwa ba.

Na san wani zai ce, me ya haɗa mai gyaran waya da fentin mota? Abu biyu ne. Na farko, a garinmu duk wanda yake son sayen wani abu a intanet, shagon mai gyaran waya yake fara zuwa. Sai ya miƙo maka wayarsa ya ce, "Don Allah duba min wannan, na gaske ne kuwa?" A 'yan shekarun nan, in ka cire agogo da takalmi, babu hoton da aka fi nuna min kamar na kwalaben nan da ake cewa suna mayar da tsohuwar mota sabuwa fil. Na biyu, motar Yayana, wata Corolla mai ruwan toka, wankinta a hannuna yake. Duk abin da ake shafa mata ni nake zaɓa, ni nake oda. Ranar da ya damƙa min makullin magana ɗaya ya yi: "Ka yi duk abin da za ka yi, amma kar ka ɓata min fas bodi."

Duk wanda ya taɓa zama da dillalan mota ya san nauyin wannan kalma. Motar da ke ɗauke da fentinta na kamfani, ba a taɓa sake fesa ta ba, kuɗinta daban ne da wadda ta je wajen mai fenti, ko da injinsu ɗaya. Kuma a gidaje da yawa, motar nan ita ce ajiyar da za a sayar ranar da wata lalura ta taso. To ka ga ashe maganar ba ta ƙyalli kaɗai ba ce.

Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne: fenti ba ya tsirowa. Abin da ka goge ya tafi ke nan. Saboda haka kayan da ya fi cancanta ka kashe wa kuɗi shi ne wanda zai rage wa fentin shan goga, ko da kuwa ba shi ne ya fi kyau a bidiyon talla ba.

FENTI MA HAWA-HAWA NE KAMAR SIKIRIN

Idan na buɗe sikirin ɗin waya, akwai ɓangaren da ke nuna hoto, akwai na taɓawa, sannan gilashi a sama yana kare su. Haka fentin yawancin motocin zamani yake. A kan ƙarfe akwai firaima, a kanta akwai launi, sannan a can sama akwai wani shafi marar launi mai sheƙi wanda masu fenti ke kira kiliya. Duka kaurinsu in an haɗa yakan kama daga mikron 100 zuwa 180, kuma mikron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Ita kiliyar kaɗai ba ta cika wuce mikron 40 zuwa 50 ba, wato kusan rabin kaurin takardar da ake fotokwafi da ita. Wannan 'yar siririyar fata ita ce ke ba mota ƙyalli, ita ce kuma ke tare zafin hasken rana kada ya cinye launin.

Ka taɓa ganin Golf ko Sharon a tasha, rufinta da bonet sun yi fari-fari suna ɓarewa kamar saɓar maciji? Kiliya ce ta mutu. In mota ta kai nan, wallahi babu kwalbar da za ka yi oda ta dawo da ita, ko daga wace ƙasa ta fito. Sai dai mai fenti. Duk wanda ya nuna maka bidiyo yana shafa wani ruwa a irin wannan wurin ya koma baƙi wul, mai ne kawai ya jiƙa wurin, wanki biyu zai koma yadda yake.

Kafin ka sayi komai, ka san irin fentin da ke jikin motarka. Ka samu farin ƙyalle mai laushi, ka ɗiga masa folish kaɗan, ka murza a wani ɓoyayyen wuri kamar cikin bakin ƙofa. Idan launin motar ya fito a ƙyallen, fentinka ba shi da kiliya, irin na da ne mai hawa ɗaya, ko kuma an sake fesa shi haka. In motar fara ce sai ka yi amfani da baƙin ƙyalle. Idan kuma ba a daɗe da fesa motar ba, ka tambayi mai fentin yaushe za ka iya shafa mata kaki, domin sabon fenti yana buƙatar wata ɗaya zuwa uku yana fitar da sinadaran da ke cikinsa kafin a rufe shi.

MAƘIYAN FENTI A ƘASARMU

Yawancin bidiyoyin da muke kallo a Turai ko Amurka aka yi su, inda damuwarsu ita ce ƙanƙara da gishirin da ake watsa wa titi. Mu namu daban ne.

Na farko ƙura. Hazon da ke rufe mu daga Nuwamba zuwa wajen Maris, mafi yawansa daga kwarin Bodele yake tasowa a arewacin Chadi, ga kuma jar ƙasar hanyoyinmu na ƙauye. A cikin ƙura akwai ƙananan ƙwayoyin yashi masu tsananin tauri. Akwai wani ma'aunin taurin duwatsu da wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya tsara a 1812, daga 1 zuwa 10, lu'ulu'u ne na 10. Ƙwayar yashi tana kan 7. Gilashin wayarka bai kai nan ba, shi ya sa za ka ga waya ba ta taɓa faɗuwa ba amma sikirin ɗinta duk ya yi zane-zane, yashin aljihu ne. To kiliyar mota ta fi gilashi laushi nesa ba kusa ba. Duk safiyar da yaro ya ɗauki busasshen tsumma ya share ƙurar da ta kwana a jikin mota, tamkar ya bi ta da sanfefa ne. Ka tsaya da rana ka kalli baƙar mota da kyau, za ka ga zane zagaye-zagaye kamar saƙar gizo-gizo. Daga nan suke.

Na biyu rana. A watan Maris da Afrilu zafinmu yakan haura digiri 40, jikin baƙar mota da ta wuni a fili kuwa ya fi haka sosai, ba ka iya ɗora masa hannu. Duk abin da ya ɗiga a kai, nan take yake gasuwa.

Na uku ruwan da muke wanki da shi. Mu da ke bakin kogin Neja da tafkin Kainji, wanda ya samu bayan an gama madatsar a 1968, mun san ruwan nan ba kala ɗaya yake zuwa ba. Akwai cikar da ke zuwa da damina, wajen Agusta zuwa Oktoba, ruwan ya yi fari-fari saboda laka. Akwai kuma wadda ke isowa da sanyi daga can tsaunukan Gini, bayan ta sauke lakarta a fadamun Mali, ita ta fi tsabta. Idan ka ɗebo ruwan damina ka wanke mota da shi kai tsaye, da laka kake goge fentin. Ka zuba a duro ya kwana, ka ɗebi na sama. Ruwan rijiya da na bohol kuma, idan ka bar shi ya bushe da kansa a rana, yakan bar fararen ɗige-ɗige masu wuyar fita. Sannan don Allah a daina shigar da mota cikin kogi ana wanke ta. Kumfar da baƙin man suna komawa ruwan da Sarkawa ke kamun kifi, wasu kuma shi suke sha.

Na huɗu su ne ƙananan abubuwan da ba a ɗauka komai ba: kashin tsuntsu a ƙarƙashin darbejiya, wanda ke da sinadari mai cin fenti idan rana ta buge shi, fetur da ke zubowa a gefen tanki in ɗan bumburutu ya zuba maka da mazurari, ruwan kifi da ke tsiyaya daga but, da man birki, wanda shi kam tashi ɗaya yake ɗaye fenti. Akwai kuma masu zuba kananzir ko gas a ruwan wanki wai don mota ta yi ƙyalli. Za ta yi na yini ɗaya, daga nan ƙura ta manne mata, robobin gilashi su fara bushewa.

ABIN DA ZA KA SAYA, BI DA BI

Ni tsarina shi ne, abin da ya fi yawan taɓa fenti shi za a fara saya.

Tawul ne kan gaba. Ba tsohuwar singileti ba, ba soson buhu ba, tawul ɗin maikrofaiba. Zarensa siriri ne ƙwarai, yana ɗauke ƙura ya shigar da ita ciki maimakon ya ja ta a kan fenti. A wajen oda za ka ga an rubuta GSM da lamba, wato nauyin giram nawa ne a kowace murabba'in mita. Daga 300 zuwa 400 ya isa aikin yau da kullum, na tsane ruwa kuma ka nemi wanda ya fi haka kauri. Za ka kuma ga 80/20 ko 70/30, haɗin zaren ke nan, duka biyun suna aiki. Ka sayi aƙalla shida, masu launi daban-daban, ka ware na taya da na ƙasan mota kada su taɓa haɗuwa da na jiki. Ga wata dabara: in sun iso, ka murza ɗaya a bayan tsohon faifan CD. Idan ya yi masa zane, zai yi wa motarka. Kuma duk tawul ɗin da ya faɗi ƙasa ya gama aiki a ranar sai an wanke shi.

Sai bokiti na biyu, wanda ba sai ka yi oda ba, yana nan a kasuwa. Ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ruwa zalla. Duk lokacin da ka wanke wani ɓangare, ka ɗauraye tawul ɗin a ruwa zalla kafin ka mayar da shi cikin sabulu. In ka gama ka leƙa gindin bokitin ɗaurayar, yashin da za ka gani shi ne da ya koma jikin motar.

Na uku sabulun mota. Omo da sabulun wanke-wanke an yi su ne don su cinye maiƙo, kuma kakin da ka shafa wa mota ɗan uwan maiƙo ne, da shi za su tafi. Akwai ma'aunin kaifin sinadari da ake kira pH, daga 0 zuwa 14, tsakiyarsa 7. Garin omo yakan kai 10 ko 11. Kai wanda ke kusa da 7 kake nema, a jikin kwalbar za ka ga an rubuta "pH neutral". Amfaninsa na biyu shi ne santsi, yana sa ƙura ta zame ba tare da ta karci fenti ba.

Na huɗu abin kariya, kuma iri biyu ne. Akwai kakin kanoba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya a arewa maso gabashin Brazil. Yana ba da sheƙi mai kyau, musamman a baƙar mota ko ja, amma a zafinmu ba ya jimawa, 'yan makonni ne. Akwai kuma na haɗin sinadarai da ake kira silant, wanda yakan yi watanni kuma ya fi jure rana. Ga motar da ke wuni a fili, ko mai bin hanyar Kontagora ko Birnin Kebbi kowane mako, silant ya fi dacewa. Idan ba ka da lokaci, akwai na fesawa, wanda za ka fesa bayan wanki ka goge, minti goma ka gama. Yadda za ka gane kariyar tana nan: ka watsa ruwa a bonet. In ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa, tana nan. In ya kwanta shimfiɗe, lokacin sabuntawa ya yi.

Sunayen da za ka fi cin karo da su su ne Turtle Wax, Meguiar's, Formula 1 da Abro, duka na Amurka, sai Sonax na Jamus. Meguiar's tun 1901 yake, da man goge kujeru ma ya fara. Ba talla nake yi wa kowa ba. Na ambace su ne don ka sani cewa suna mai tsada shi ne 'yan jabu suka fi kwaikwaya, kamar dai yadda muke fama da caja da batir a sana'armu.

Waɗannan huɗun sun isa mutum ya riƙe motarsa shekaru. Sauran sai da dalili. Akwai wani abu kamar taɓo da ake murzawa a jikin mota da ruwan sabulu don cire abin da ya manne. Ka sa hannunka a leda ka shafa motar bayan wanki, idan ka ji kaushi kamar tsakuwa, to tana buƙatarsa, sau ɗaya ko biyu a shekara. Akwai folish da kampawun, kuma a nan ne mutane ke ɓarna. Su biyun ba ƙara wa fenti komai suke yi ba, kankare saman kiliya suke yi har ta yi daidai da gindin zanen. Kampawun ya fi kaushi. Ka gwada zanen da farce: in farcenka yana maƙalewa a ciki, ya yi zurfin da folish ba zai fitar ba, ci gaba da gogawa sai dai ka huda kiliyar. Injin goge fenti kuwa, kar ka yi odarsa a karon farko. A hannun wanda bai saba ba, daƙiƙa kaɗan yake ƙone gefen ƙofa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

In fentin tabo kake so, irin na ɗan ƙaramin buroshi, kada ka zaɓi launi da ido a sikirin, kowace waya da yadda take nuna launi. Ka nemo lambar launin motarka. A Toyota tana kan 'yar takardar da ke manne a bakin ƙofar direba, kusa da inda aka rubuta C/TR: misali 040 fari ne, 202 baƙi, 1F7 ruwan azurfa. A Golf kuma sau da yawa takardar tana cikin but kusa da safaya taya.

MAGANAR 9H

Kusan kullum sai wani ya zo shago ya ce in sa masa gilashin kariya "mai 9H", yana ganin ya kusa lu'ulu'u tauri. Yanzu kuma ga kwalaben siramik na mota su ma da 9H ɓaro-ɓaro a jiki. Ɗan uwa, wannan 9H ɗin ba na ma'aunin duwatsu ba ne. Na fensir ne. Ka tuna HB da 2H na makaranta? To 9H fensir ne mai tauri sosai, kuma ma'anar rubutun ita ce bakin wannan fensir bai karce abin ba a gwaji. Yashi ya fi kowane fensir tauri. Siramik na gaske yana da amfani, yana sa ruwa da datti su zame, yana kuma daɗewa fiye da kaki. Amma ba ya hana karcewa, kuma shafa shi yana son a wanke, a cire datti, a yi folish, a samu rufaffen wuri marar ƙura. Nawa ne a cikinmu ke da irin wannan wurin a watan Janairu?

Wani maƙwabcinmu ya ga tallan irin wannan a bidiyo, ana kunna wuta a bonet ana kashewa ba abin da ya faru. Ya tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun wani mutum. Bayan kwana tara aka kawo masa wata 'yar kwalba kamar ta turaren ɗan goma, babu hatimi, babu sunan kamfani. Ya shafa da tsakar rana a kan ƙura. Abin ya bushe dabbare-dabbare, ya ƙi fita da sabulu. Ya kira lambar, a kashe. Da ya kawo min wayar don in taimaka, shafin ma an goge shi. Ƙarshe sai da aka kankare bonet ɗin da inji, kuma kiliyar da aka ci ta tafi har abada.

YADDA ZA KA YI ODA

Ka rubuta abin da kake so a takarda kafin ka buɗe manhaja. An ƙera manhajojin nan ne don su riƙa nuna maka wani abu bayan wani, ka shiga neman tawul ka fito da fitilar ƙarƙashin mota. A wurin bincike ka rubuta kalmomin kamar yadda suke a jikin kaya: "microfiber towel 350 GSM", "car shampoo pH neutral", "paint sealant" ko "spray wax".

Ka karanta girman kaya, kar ka dogara da hoto. Kwalba mai mil 30 da mai mil 500 girmansu ɗaya a sikirin. Kayan Amurka da oz ake rubuta su: oz 1 kusan mil 30 ne, oz 16 kuma mil 473. Ka duba nawa ake zubawa a bokiti. Idan an ce mil 30, kwalbar mil 500 za ta yi maka wanki 16. Raba kuɗin da wannan, shi ne ainihin farashin. Sau da yawa mai tsadar ya fi araha in an yi wannan lissafin, dama an ce araha ba ta ado.

Ka binciki mai sayarwa fiye da yadda ka binciki kayan. Tun yaushe yake, kaya nawa ya sayar, taurari nawa aka ba shi. Ni ra'ayoyin masu tauraro ɗaya da biyu nake fara karantawa, da waɗanda suka ɗora hoton abin da ya iso musu. Ka ɗauki hoton kayan ka saka a Google Lens, ka kwatanta shi da wanda ke shafin kamfanin: launin murfi, tsarin rubutu, girman kwalba. In kamfani ba ya yin wannan girman kwata-kwata, ka samu amsa. Idan rubutun jikin kwalba da Sinanci ne ko Jamusanci, kyamarar Google Translate za ta karanta maka.

Ka san bambancin wuraren. Jumia da Konga kasuwa ce mai tsari, a ciki kake biya, akwai lambar oda, akwai wa'adin mayar da kaya, ka karanta kwana nawa ne kafin ka danna. Jiji kuwa wurin haɗuwa ne kawai tsakaninka da mai kaya, su da kansu suna gargaɗin kada ka biya kafin ka gani. AliExpress ya fi dacewa da busassun kaya marasa nauyi irin su tawul, safar wanki da buroshi, in za ka iya jiran makonni. Kayan ruwa da gwangwanin fesawa akwai ƙa'idoji masu tsauri wajen ɗaukarsu a jirgin sama, ga nauyi, lita ɗaya kusan kilo ɗaya ce. Su gara ka saye su a cikin gida Najeriya.

Kafin ka biya, ka saka adireshinka ka ga ko suna kawowa Yauri, da nawa ne kuɗin kawowa. Idan ba sa zuwa, ka duba wurin karɓa mafi kusa da kai, ko Birnin Kebbi, ko Kontagora, ko Sakkwato, inda kake da wanda zai karɓar maka. Mutanen Wara, Ngaski, Shanga da ƙauyukan bakin ruwa, ya fi sauƙi ku sa adireshin wani amintacce a cikin Yelwa, da lambar da ke shiga kullum.

Hanya ta biyu ita ce wadda muke bi wajen sayo kayan waya daga Farm Centre ta Kano: ka samu ɗan kasuwa ɗaya da wani naka ya sani, ko a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, ya sa maka a mota. Allah ya taimake mu muna kan babban titin da ya taso daga Kontagora ya wuce Koko da Jega zuwa Sakkwato, mota ba ta yankewa. Ka kira shi ta bidiyo ya nuna maka kayan a hannunsa, ya juya maka bayan kwalbar. Ka ce ya naɗe murafen da salatif, ya sa a kwali. Ka karɓi lambar direba da lambar mota da hoton ƙunshin. Ka roƙi direban kada a ɗora shi a saman kaya rana ta dafa shi, ko a danne shi da buhu. Ku haɗu ku uku ko huɗu ku yi oda tare, kuɗin mota ya zo da sauƙi.

Wajen biya, in a manhaja ka ga kaya, a cikinta za ka biya. Duk wanda ya ce ka fito waje ka tura masa zai rage maka, so yake ya raba ka da hujjarka. Inda akwai zaɓin biya bayan kaya sun iso, shi za ka ɗauka, ba a cinikin biri a sama. In tiransifa ce dole, ka tabbata sunan asusun ya yi daidai da wanda kake magana da shi, ka fara da ƙaramar oda. Kada ka ba kowa lambar sirrin katinka ko lambar da banki ya turo maka ta saƙo. Ka ajiye hoton hirarku da rasit. In an cuce ka, ka sanar da bankinka a ranar, kuma akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, da ke karɓar ƙorafi.

Ranar da kaya suka iso, ka kunna bidiyo kafin ka yage kwalin, kada ka tsayar har ka gama. Ka duba hatimin murfi, lambar rukunin da aka buga a kwalba, da ko akwai kuskuren rubutu. Sannan ka gwada a ɓoyayyen wuri kamar cikin murfin but, ka bar shi ya kwana. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

RANAR AIKI

Kaya mai kyau a hannun mai gaggawa ɓarna yake yi. Ni da sassafe nake wanki, ko bayan la'asar, a inuwa. Ka taɓa jikin motar da bayan hannu, in da zafi ka jira. Ka fara kwarara ruwa zalla ya tafi da ƙura kafin komai ya taɓa fentin. Ka wanke daga rufi zuwa ƙasa, ƙasan ƙofofi da tayoyi su ne ƙarshe. Ka riƙa jan hannunka a miƙe, ba zagaye ba, kuma kar ka danna. Ka tsane ruwan kafin ya bushe. Kaki ko silant kaɗan ake shafawa, siriri, yawa ba ya ƙara kariya sai wahalar gogewa. Da hunturu, in ba ka da ruwan wanki, ka bar ƙurar a wurinta, ta fi zama lafiya a kwance da a ja ta da tsumma. Tampol ma kada ka rufa a kan mota mai ƙura, iska na kaɗa shi yana gogar fentin. Ka ajiye 'yar gorar ruwa da tawul ɗaya a mota saboda kashin tsuntsu da fetur: ka jiƙa, ka jira ya yi laushi, ka ɗauke.

Idan kuɗinka kaɗan ne, ka sayi tawul da bokiti na biyu ka tsaya nan, ka riga ka yi rabin aikin. Wata mai zuwa ka ƙara sabulu, na gaba ka ƙara silant. Mai babur da mai Keke Napep, duk wannan bayanin ya shafe ku, tankin babur ma fenti ne da kiliya. Kwalbar da ta yi maka alƙawarin komai da komai a shafa ɗaya kuwa, ka wuce ta.

Wanda ya ga wani kaya yana shakka, ya turo hotonsa gaba da baya mu duba tare kafin ya biya. Allah ya sa mu dace, ya tsare mana dukiyoyinmu, ya raba mu da sayen jabu. Sai mun haɗu a darasi na gaba.